Ƙwayoyin ƙasa masu narkar da fosforas



Manomi ya zuba takin kamfa ko sufa, amma sai ga ganyen ƙaramar masara ya rine, ya yi shunayya. Yunwar fosforas ke nan, ga shi kuwa an zuba. To ina ya shiga? Yana nan a gonar, an dai kama shi ne. A jar ƙasa mai tsami ƙarfe da alminiyam ke riƙe shi, a ƙasa mai alli kuma kalsiyam. Ko ruwa ya sauka ba ya narkewa, saiwa kuwa ba ta shan abin da bai narke ba. Abin da shuka ke samu a daminar farko galibi ba ya kai kashi 30 cikin 100 na abin da aka zuba.

Tun 1842 John Lawes na Ingila ya yi rajistar dabarar zuba asid ɗin salfa a kan ƙashi don ya narke, asalin sufa ke nan. Wasu ƙwayoyin ƙasa suna yin wannan aiki a hankali, kyauta. Baƙin funfunan nan da kuke gani a ƙarƙashin ɓawon albasa, Aspergillus niger, yana fitar da asid irin na lemon tsami, da okzalik, da gulukonik. Bakteriya irin su Pseudomonas kuma gulukos suke juyawa ya zama gulukonik. Asid ɗin yana aiki biyu: ya tsama ƙasar da ke kewaye da ƙwayar, sannan ya cafke kalsiyam ko ƙarfen, fosforas ya kuɓuce. Wanda ke ɗaure cikin ruɓaɓɓen ganye kuwa, sinadarin fitas da ƙwayoyin ke fitarwa ne ke ɓalle shi.

A nan zan ja kunnen ɗalibai. Gwajin da Pikovskaya ta fito da shi a 1948 har yau shi ake yi: a shuka ƙwaya a faranti mai farin fosfet na kalsiyam, bayan kwanaki a ga da'ira garai ta kewaye ta. Abin sha'awa ne, amma farantin nan cike yake da sukari, babu kishiya, fosfet ɗin kuma mai sauƙin narkewa ne. Ƙwaya da yawa ta yi fice a faranti, an kai ta gona ta yi shiru. Ba ta yin asid sai ta ci, abincinta kuwa kara ne da kashin dabbobi da ɗan zaƙin da saiwa ke tsattsagowa. Mu kuwa da an yi girbi sai a kwashe karan kaf, na danni, na girki, na dabbobi.

Akwai dutsen fosfet a yankin Dange ta Sakkwato, akwai a Tawa ta Nijar. Garinsa shi kaɗai jinkirin narkewa gare shi. Shawarata a riƙa cuɗa shi cikin ramin takin gargajiya tun da rani, a jiƙa, a juya, ƙwayoyin su fara cinsa kafin a kai gona.