Makonni Huɗu na Jira: Jawabi a Taron Rufe Zangon Farko, Disamba 2025



An ba ni minti kaɗan in yi magana da bakin Kiristocin wannan reshe. Ba mu da yawa, amma muna cikin wani lokaci da nake so ku san ma'anarsa, domin akasarinku ranar Kirsimeti kawai kuka sani, ranar da ake aiko muku da shinkafa da kaza.

Kafin 25 ga Disamba akwai Lahadi huɗu da ake kira Adbent, wato lokacin jiran zuwan Almasihu. Bana ya fara ran 30 ga Nuwamba. A majami'un Katolika da Angilikan ana sa tufa mai launin shunayya, ana kunna kyandir ɗaya kowace Lahadi har su cika huɗu. Ana karanta annabcin Ishaya, da labarin Zakariya da matarsa Alisabatu, waɗanda suka tsufa ba haihuwa kafin a yi musu albishir da Yahaya. 'Yan'uwana Musulmi, wannan labari ba baƙo ba ne a kunnenku, da shi Suratu Maryam ta buɗe. Abin da ke burge ni shi ne inda albishir ɗin ya sami Zakariya: yana tsaye a wurin ibada, a bakin hidimarsa. Shekarun da ya kwashe yana jira ba su sa ya bar aiki ba.

Duk wanda ya ratsa fadamun Aliero a wannan hunturu ya ga irin wannan jira. An dasa albasa, ba a ganin komai sai ɗan koren ganye, kuɗin kuma sai bayan watanni. Duk da haka manomi yana fita da asuba cikin sanyi ya yi ban-ruwa, don ya san ranar da ya yi sakaci, abin da yake jira ba zai zo ba. Malamin aji ɗaya ma haka yake, sai dai nasa girbin ya fi nisa. Yaron da ka koya wa riƙe fensir, wataƙila sai ka yi furfura za ka ga abin da ya zama.

Bana jiran ya yi mana nauyi. Ran 17 ga Nuwamba 'yan bindiga suka shiga makarantar 'yan mata ta Maga a Danko-Wasagu, suka kashe mataimakin shugaban makarantar, malami ɗan'uwanmu, suka tafi da ɗalibai. Allah ya ji ƙansa. Mun gode wa Allah da yaran suka dawo bayan kwana takwas. Kwana huɗu bayan Maga aka kwashi ɗaruruwan yara da malamansu a makarantar St. Mary's ta Papiri a Jihar Neja. An saki ɗari a farkon Disamba 2025, sauran kuwa iyayensu suka ci gaba da kallon hanya. Maga yaran Musulmi, Papiri makarantar mishan, amma kukan uwa ɗaya ne. Idan na ga an kunna kyandir ran Lahadi, waɗannan iyaye nake tunawa.

Tsorona shi ne watan Janairu. Akwai iyayen da suka riga suka yanke a zuciyarsu cewa 'yarsu ba za ta koma aji ba, kuma wa zai zarge su? To amma idan muka zauna muka ce Allah ya kyauta kawai, za mu buɗe rajista mu tarar da gurabe. Ina roƙon kowane malami, cikin wannan hutu, ya taka zuwa gida biyu ko uku na ɗalibansa mata, ya zauna da mahaifi, ya saurare shi tukuna kafin ya lallashe shi. Shugabannin reshe kuma su kai kukanmu sama game da katanga da masu gadi. Gwamna Nasir Idris ya taɓa shugabantar ƙungiyarmu ta NUT a ƙasa baki ɗaya, don haka ba sai an yi masa tafinta ba.

Akwai kuma jiran da ya fi kusa da aljihu. Muna roƙon a matsa albashin Disamba ya fito da wuri, domin mai zuwa Zuru ko Yauri ko Kudancin Kaduna ya kama hanya da rana tsaka, kada ya yi tafiyar dare. Iyayenmu da ke jiran haƙƙinsu na ritaya, a sabunta sunayensu kafin shekara ta ƙare.

Masu tafiya gida, don Allah ku bar wa sakatare ranar tashi da ranar dawowa kafin ku fita daga wannan zaure. Masu zama kuma, ƙofofinmu a buɗe suke ran Alhamis 25 ga wata, kamar yadda naku suke mana a ranar Sallah.