Daga Gona Za a Fara: Koya wa Yara Rushewar Jamhuriyar Rumawa



Yawancin yaran da suka taɓa jin labarin Rumawa abu ɗaya suka riƙe: an taru an daɓa wa Juliyas Kaisar wuƙa a zaman majalisa. Haka aka yi kuwa, ranar 15 ga Maris, shekara ta 44 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). Amma malamin da ya buɗe darasi da wannan rana ya kai yara jana'iza ne bai nuna musu jinyar ba, alhali jinyar ta ɗauki kusan shekara 90.

Da farko a shimfiɗa musu tsarin a taƙaice. Bisa ga tarihin da Rumawa suka adana, sun kori sarkinsu na ƙarshe a shekara ta 509, suka raba ikonsa. Shugabanni biyu ake zaɓa, wa'adinsu shekara guda. Ga majalisar dattawa, ga kuma wakilan talakawa goma, kowannensu da ikon hawa kujerar na ƙi. Kada a yi wa tsarin kwalliya a gaban yara. Bayi ba su da murya, mata ba su zaɓe, kuma ƙuri'ar mai dukiya ta fi ta talaka nauyi a zaɓen manyan muƙamai. Abin da ya riƙe shi yawanci al'ada ce, wato abubuwan da kowa ya san ba a yi.

Daga nan sai gona. Sojan Rum na lokacin manomi ne, shi ke sayen makamansa. Da yaƙe-yaƙe suka yi nisa, zuwa Sifaniya da Girka da Arewacin Afirka, inda aka rushe birnin Kartej a shekara ta 146, sai mutum ya yi shekaru bai ga gonarsa ba. Ya dawo ya tarar da bashi, attajiri ya saye gonar ya zuba bayin da yaƙin nan ya kamo. Yaron da ya tashi a gidan noma ba ya bukatar dogon bayani a nan.

Shekara ta 133 ita ce inda nake so malami ya zauna, ko da za ta cinye darasi biyu. Wani wakilin talakawa, Tiberiyus Girakus, ɗan babban gida ne shi kansa, ya kawo dokar da ta ce kada kowa ya riƙe fiye da kimanin hekta 125 na filin gwamnati, a raba ragowar ga marasa gona. Bai bi ta majalisar dattawa ba kamar yadda aka saba, ya kai ta gaban jama'a kai tsaye. Abokin aikinsa Oktabiyus ya hau kujerar na ƙi. Tiberiyus ya sa aka kaɗa ƙuri'a aka tsige shi, abin da ba a taɓa yi ba. Sannan ya nemi a sake zaɓensa. Sai wasu dattawa da magoya bayansu suka ɗebi kulake da ƙafafun kujeru suka kashe shi da mutanensa kusan 300, aka zuba gawarwakin a kogin Tiber.

A raba aji gida uku: manoma, dattawa, wakilan talakawa. A tambaye su, wa ya fara ƙetare iyaka? Za su yi gardama, a bar su su yi. In sun tambayi ra'ayinka, kada ka ɓoye. Ni a ganina Tiberiyus yana da gaskiya a kan ƙasa, amma ya karya abin da aka kafa don kare talakan da yake wa faɗa. Dattawa kuma sun yi abin da ya fi muni, domin sun nuna wa kowa cewa ana iya gama muhawara da kulki.

Abin da ya biyo baya ana iya bi da sauri, don yara sun riga sun gane zaren. An kashe Gayus, ƙanen Tiberiyus, a shekara ta 121. Wani kwamanda, Mariyus, ya ɗauki marasa gona aikin soja a 107, kuma a hankali soja ya koma yana sa ran lada daga kwamandansa, ba daga gwamnati ba. Wani kwamandan kuma, Sulla, ya shigo birnin Rum da dakarunsa a 88, daga baya ya liƙa sunayen waɗanda aka halatta kashewa a dandalin gari. To, lokacin da Kaisar ya ƙetare kogin Rubikon da sojoji ya nufi Rum a 49, yaro da kansa zai ce, ai an taɓa yi.

Af, shekarun nan raguwa suke yi, tunda na kafin haihuwar Annabi Isa (AS) ne, kuma wannan na rikita yara ƙwarai. A ja layi a jikin allo daga 133 zuwa 27, a bar shi har ƙarshen zango.

Me ya sa 27? A shekarar ce Oktabiyan, magajin Kaisar, bayan ya gama da abokan hamayyarsa, ya sanar cewa ya mayar wa majalisa da jama'a mulkinsu, su kuma suka ba shi laƙabin Agustus. Bai kira kansa sarki ba. Majalisa ta ci gaba da zama, an ci gaba da zaɓe. Sai dai mafi yawan rundunoni suna hannunsa, haka ma Masar da alkamarta. Manyan ɗalibai su yi jeri biyu a littafinsu, abin da ya saura da abin da ya sauya, sannan su faɗi shekarar da jamhuriyar ta mutu. Amsoshinsu za su bambanta, masana ma haka suke.

Wani yaro zai ɗaga hannu ya ce, "Malam, kamar juyin mulkin 1966?" Kada ka kwaɓe shi, kada kuma ka yi saurin cewa haka ne. Ka sa shi ya lissafa inda suka yi kama da inda suka saɓa, ka tuna masa Rum birni ne guda da ke mulkin ƙasashe da ƙarfin bayi da ganima. 'Yan firamare kuwa labarin Tiberiyus da gonaki ya ishe su. Jerin sunayen Sulla da abin da aka yi wa gawar ɗan majalisa Sisero a jira su shiga babbar sakandare.