Jawabin Tunawa da Babban Gwani Muhammadu Durugu



An umurce ni in yi magana a kan Babban Gwani Muhammadu Durugu, shugaban maginan Zazzau, ko da ya ke ni malamin kotu ne, alƙalami na sani, ban san tubali ba. Amma mu mutanen Rigachikun talakawan Zazzau ne tun kakanni, don haka mu ma muna da gado a cikinsa.

Shi ya gina Masallacin Juma'a na Zariya a zamanin Sarki Abdulkarimu, wanda ya yi sarauta daga 1834 zuwa 1846. Ba siminti, ba ƙarfe. Ƙasa ce kurum da azarar giginya, ya yi ta ɗora azara bisa azara har bakan gizo ya haɗu a sama, ya ɗauki rufin da zai inuwantar da jama'ar birni. Abin da ya fi taɓa ni kuwa, a harabar nan ya gina ɗakin shari'a.

Ana ba da labari wai Sarkin Birnin Gwari ya sa aka kashe shi, don kada ya gina wa wani wanda ya fi nasa. Allah shi ne masani.

Bayan 1970 aka kewaye ginin da siminti, aka kuma yi kwafinsa a Jos. Ginin ƙasa kuwa yaɓe ya ke so kafin kowace damina, ga shi masu yaɓen suna ƙarewa. Ina roƙon Hakimi a sa yara biyu daga nan su je Zariya su koya.

Allah ya jiƙansa, amin.