Suna Linzami: Sunan Yanka da Sunan Tsufa



An ba ni batutuwa biyu da a ido ba su haɗa hanya ba: ma'anar sunayen da muke raɗa wa 'ya'yanmu, da binciken masana halayyar ɗan Adam a kan tsufa. Ni kuwa a ganina uwarsu ɗaya ubansu ɗaya.

Bahaushe ya ce suna linzami ne, kuma ba mu kaɗai muka ɗauka haka ba. A Sahihul Buhari akwai labarin kakan Sa'idu bn Musayyib, mai suna Hazn, wato tsauri. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya so ya mayar da shi Sahl, mai sauƙi, shi kuma ya ce ba zai sauya sunan da mahaifinsa ya sa masa ba. Jikansa Sa'idu ya ce tsaurin nan bai bar gidansu ba.

Wani masanin halayya haifaffen Vienna, Gustav Jahoda, wanda ya koyar a Gana tun tana Gold Coast, ya gwada wannan magana da alƙaluma a shekarar 1954. Mutanen Ashanti suna sa wa yaro sunan ranar haihuwarsa, kamar yadda muke da Ɗanladi da Talatu da Balarabe da Jummai. Bambancin shi ne su kowace rana da halinta. Kwadwo, ɗan Litinin, ana ɗauka mai sanyin hali ne. Kwaku, ɗan Laraba, ana sa ran fitinanne ne mai saurin hannu. Jahoda ya bi takardun kotun yara, sai ya tarar 'yan Litinin sun yi ƙaranci a cikinsu, 'yan Laraba kuwa sun yi yawa, musamman a laifukan duka da rauni. Bincike ne guda, a wuri guda, kada mu ɗora masa kayan da ya fi ƙarfinsa. Amma tambayar da ya tayar tana nan. Ranar Laraba ba ta da hannu balle ta koya wa yaro dambe. Gari ne ya yi ta kallonsa da idon "dama an sani", in ya yi faɗa a ce halinsu ne, har shi ma ya yarda.

To, akwai suna guda da kowa a zauren nan yake roƙon Allah ya kai shi ga amsa shi, kuma kowa ya haddace ma'anarsa tun yana wasan ƙasa. Sunan nan shi ne tsoho, ko tsohuwa.

A nan aikin Farfesa Becca Levy ta Jami'ar Yale a Amurka ya shigo. A shekarar 1975 an yi wa mazauna wani ƙaramin gari mai suna Oxford a jihar Ohio tambayoyi, ciki har da yadda suke kallon tsufansu: ko suna jin amfaninsu yana raguwa da shekaru, ko suna jin al'amura sai ƙara lalacewa suke yi. Levy da abokan aikinta suka ɗauki amsoshin mutum 660 masu shekara 50 zuwa sama, suka haɗa da bayanan mace-mace na shekara 23 da suka biyo baya. Sakamakon da suka buga a 2002 ya nuna waɗanda suke yi wa tsufansu kyakkyawan zato sun fi sauran tsawon rai da kimanin shekara bakwai da rabi. Wani zai ce ai masu lafiya da masu kuɗi ne suke kyautata zato. An cire tasirin shekaru da jinsi da arziki da kaɗaici da ƙarfin jiki, tazarar ba ta ɓace ba.

Kada wani ya fita ya ce malam ya ce tunani yana ƙara kwana. Ajali na Allah ne, kuma su masu binciken ma alaƙa suka gani tsakanin abu biyu, ganin alaƙa kuwa daban yake da kama sanadi dumu-dumu. Sai dai hanyoyin da Levy ta bayyana ba su da wuyar ganewa. Wanda ya yarda ciwon gwiwa da mantuwa da kasala gadon tsufa ne, ba zai je asibiti ba, ba zai sha maganin hawan jini a kan kari ba, ba zai taka zuwa masallaci ko kasuwa ba in ya sami mai aike. Ga kuma damuwa, wadda take cin zuciya a hankali. A wani aikin da ta buga a 2009, daga bayanan wani dogon bincike na birnin Baltimore, an ga waɗanda suke raina tsufa tun suna ƙasa da shekara 50 sun fi fuskantar bugun zuciya da shanyewar ɓarin jiki bayan shekaru masu yawa.

Wannan na biyun ya fi tsaya mini a rai. Ra'ayin da kake da shi game da wata ƙabila ko wani jinsi, kana iya mutuwa da shi bai taɓa komowa kanka ba. Na tsufa kuwa kai kake tanadar wa kanka. Yaron da yake yi wa tsohuwa dariya a bakin rijiya, darasin da zai karanta wa kansa nan da shekara sittin yake haddacewa.

Na san abin da wasunku suke cewa a zuci: wannan matsalar Turawa ce, mu muna girmama na gaba. Da gaskiyarku, amma rabi. Dubi abin da muke yi da suna. A sa wa jariri sunan kakansa, uwa ta kasa faɗa saboda kunya, sai a koma kiransa Abba ko Baffa, yarinya a ce Umma ko Walida. Jaririn kwana bakwai ya ci girman dattijo. Shi kuwa dattijon sunansa na yanka ya ɓuya, ya zama Baba, Malam, Alhaji. Ga wasan jika da kaka, inda tsohuwa take da "miji" ɗan shekara huɗu. Waɗannan dukiya ce, kuma Levy da kanta zaman da ta yi a Japan, ƙasar da take da ranar hutu ta girmama tsofaffi a watan Satumba, shi ya fara jawo hankalinta ga batun.

Ɗaya rabin fa? A tatsuniyoyinmu da finafinanmu, sau nawa tsohuwa take fitowa ba a matsayin makira ko mai kai gulma ba? Wa ake fara nunawa da yatsa a ce mayya, in ba gwauruwar tsohuwa marar gata ba? Ma'aikaci ya cika shekara 60 da haihuwa ko 35 a bakin aiki, ya yi ritaya, sai 'ya'ya su ce "Baba ka huta", su karɓe gona, su karɓe shago, su karɓe shawara. Da ƙauna suke yi, na yarda. Amma Ellen Langer da Judith Rodin sun nuna a 1976, a wani gidan kula da tsofaffi a jihar Connecticut, cewa waɗanda aka bar wa zaɓi a ƙananan al'amuransu, har da shukar da za su riƙa ba ruwa da kansu, sun fi kuzari da walwala a kan waɗanda aka ɗauke wa komai.

Mafi haɗari shi ne "gigin tsufa". Da zarar an liƙa wa mutum wannan, an rufe ƙofar bincike. Alhali ruɗewar da ta zo wa tsoho farat ɗaya tana iya zama ciwon fitsari, ko sukari da ya faɗi, ko magani da ya yi masa yawa, kuma duk ana warkar da su. Ko cutar mantuwa ta gaske, cuta ce, yawancin tsofaffi ba sa kamuwa da ita.

Ga ɗalibanmu masu neman abin rubuta kundi: tambayoyin Ohio biyar ne kacal. A mayar da su Hausa da kyau, a kai su Kano da Damagaram da zangon Kumasi. Wahalar farko da za ku ci karo da ita ita ce shekaru, domin da yawa daga iyayenmu ba su da takardar haihuwa. Sai ku tambaye su wane sarki ke kan gado lokacin da aka yaye su, ko sun yi wayo kafin 'yancin kai.