Yaro Mai Hazaƙa da Ke Karatu a Gida: A Daina Gaggawar Kai Shi JAMB

Iyaye maza da ke bakin shago ko kan hanyar gona, da iyaye mata da ke fama da aikin gida rediyo na gefe, a ɗan ba mu aron kunne. Makonnin nan kira da saƙonni sun yi yawa a kan magana ɗaya, daga cikin garin Funtuwa, daga Bakori, Danja, Ƙafur har Malumfashi. Wai gwamnati ta buɗe ƙofa, duk yaron da Allah Ya ba kaifin basira, ko shekararsa 12 ko 13, ana iya yi masa rajistar JAMB ya wuce jami'a kai tsaye, in kuma shekaru suka kawo cikas sai a je kotu a yi takardar rantsuwa a ƙara masa. Wannan magana akwai ƙwayar gaskiya a cikinta, amma yadda ake yaɗa ta cutar da yara take yi. Babbar jarrabawa da wuri ba ita ce shaidar hazaƙa ba.

Mafi yawan masu kira a kan wannan magana iyayen yaran da ke karatu a gida ne, kuma dalilinsu a fili yake. Tun bayan da aka kwashe ɗalibai sama da 300 daga makarantar kimiyya ta Ƙanƙara a watan Disamba na 2020, gidaje da dama suka ji tsoron makarantar kwana, wasu kuma suka baro Faskari, Sabuwa da Ɗandume suka dawo Funtuwa, karatun yara ya katse. Sai aka koma ɗaukar malamin lesin, ko uwa mai ilimi ta zauna da yaranta, ga kuma yaran da suka fara da haddar Alƙur'ani, boko ya biyo baya a gida. Yaro mai ƙwaƙwalwa idan ya samu malami shi kaɗai gudu yake yi, littafin lissafin da aji ke shekara a kansa sai ya cinye shi a 'yan watanni. To uba ba shi da katin sakamako, ba shi da na ɗaya ko na biyu da zai nuna wa dangi, sai zuciya ta raya masa a nemo jarrabawar da ta fi kowace suna a tabbatar wa duniya. Niyyar mai kyau ce, zaɓin ne ke da gyara.

Jarrabawa iri biyu ce, kuma haɗa su wuri ɗaya shi ne tushen matsalar. Akwai wadda ake yi don a auna inda yaro ya kai, a gane inda yake da ƙarfi da inda yake da rauni. Akwai kuma wadda take mabuɗin wata ƙofa, ana zana ta ne don a shiga wani wuri. JAMB tana cikin kashi na biyu. Darussa huɗu ne, Turanci dole, maki 400 gaba ɗaya, kuma sakamakonta na shekara ɗaya ne tak. Idan yaro bai samu gurbi a wannan zangon ba, makin ya tashi a banza, baɗi sai an sake sayen fam. Ba ta faɗa maka ko ɗanka ya iya rubuta doguwar amsa, ko ya fahimci abin da ya haddace. Saboda haka duk uban da ya kai ɗan shekara 13 JAMB don kawai ya san matsayinsa, ya biya kuɗi ya sayi amsar tambayar da bai yi ba.

Yanzu ga ƙwayar gaskiyar da na ce. A 2024 ministan ilimi na lokacin, Farfesa Tahir Mamman, ya ce sai mai shekara 18 zai shiga jami'a, aka yi ta ce-ce-ku-ce. Wanda ya gaje shi, Dakta Tunji Alausa, ya mayar da iyakar shekara 16, kuma a kan haka aka tsaya. Hukumar JAMB a ƙarƙashin Farfesa Is-haq Oloyede ta bar wata 'yar ƙofa ga waɗanda ba su kai 16 ba, amma ku ji sharuɗɗanta. Sai yaro ya ci aƙalla maki 320 cikin 400, ya kuma samu kashi 80 cikin ɗari a jarrabawar kammala sakandare, da kashi 80 a ta tantancewar jami'a, sannan a zaunar da shi gaban kwamiti a yi masa tambayoyi baki da baki. A 2025 yara sama da 40,000 ne 'yan ƙasa da shekara 16 suka zana a duk faɗin Najeriya. Waɗanda suka kai maki 320 ba su cika 600 ba, waɗanda suka tsallake dukan matakan kuwa 85 ne. Ku tsaya ku yi lissafin da kanku. Kowane ɗaya daga cikin dubban nan akwai iyayen da suka yi imani nasu na daban ne, kuma da yawansu haziƙai ne na gaske. Abin da suka kwaso shi ne ɗacin faɗuwa a shekarun da bai kamata a ɗora musu wannan kaya ba.

Batun ƙara shekaru kuwa, don Allah iyaye a ji tsoron Allah. Yau ba a rajistar JAMB sai da lambar NIN, kuma ranar haihuwar da ke kanta ita za ta bi yaro zuwa takardun jami'a, bautar ƙasa, fasfo, ɗaukar aiki, har ranar ritaya. Shekara biyun da ka ƙara masa yau, shekara biyu ce ka yanke daga rayuwar aikinsa, kuma duk aikin da aka sa wa iyakar shekaru shi zai fara fita daga layi. In takardar haihuwa ta asibiti ta saɓa da ta NIN, gyaran wahala ne da kuɗi. Mafi muni, ka tsayar da yaro kana koya masa cewa da rantsuwar ƙarya ake buɗe ƙofa, alhali kai ne ka sa shi haddar Alƙur'ani.

Wani zai ce, Malam, ai a ƙasashen da suka ci gaba ana ba yara masu basira jarrabawar manya. Haka ne. A Amurka, wani malamin jami'ar Johns Hopkins mai suna Julian Stanley ya fara wani bincike a 1971, inda ake ba yara 'yan shekara 12 zuwa 13 jarrabawar SAT ta masu neman shiga jami'a. Hujjarsa mai ƙarfi ce. Idan yara biyu duk sun cinye tambayoyin ajinsu, ba za ka gane wanda ya yi nisa ba sai ka ba su abin da ya fi ƙarfin ajin. An bi waɗannan yara shekaru da dama, kuma binciken ya nuna cewa barin haziƙi ya yi gaba a darasin da ya fi ƙwarewa yana amfanarsa. Amma ku lura da abin da aka yi da makin. An yi amfani da shi ne wajen tsara wa kowane yaro karatun da ya dace da shi, mafi yawansu kuma suka ci gaba da zama a makarantunsu, ana ƙara musu darasi mai nauyi. Wannan awon kuna iya yin sa a tsakar gida. A sayi littafin tsofaffin tambayoyin NECO ko WAEC a kasuwa, a zaɓi na aji ɗaya ko biyu sama da nasa, a sa agogo, a samu malamin da ba shi ke koyar da shi ba ya duba. Sau da yawa za a tarar lissafi ya yi nisa, rubutun Turanci kuma yana baya, domin a gida da Hausa ake yi masa bayani.

Wata uwar kuma za ta ce gara yarinya ta gama da wuri kafin maganar aure ta taso, wani uban ya ce zama wuri ɗaya zai sa yaron ya gaji ya lalace. Duka biyun damuwa ce ta gaskiya, ba na raina ta. Sai dai yarinyar da aka tura ta faɗi sau biyu, ita ce dangi za su ce ai an gwada ba ta iya ba, a rufe maganar karatun gaba ɗaya. Wanda ma ya samu shiga, ku yi tunanin ɗan shekara 14 a ɗakin kwanan ɗaliban jami'a a Samaru, cikin samari 'yan shekara 20, shi zai riƙe kuɗinsa, ya nemi abincinsa, ya san wanda zai bi da wanda zai guje wa. Mu nan manoma ne, mun san masarar da aka karya ba ta bushe ba, ko ta cika buhu a ido, fumfuna ce ƙarshenta a rumbu. Maganin gajiya shi ne a faɗaɗa masa karatun, a ƙara littattafai masu nauyi, Larabci, kwamfuta, ya kuma riƙa cuɗanya da sa'o'insa.

To wace jarrabawa ta dace? A bi shekarun yaro. Mai gab da gama matakin firamare, akwai jarrabawar da NECO ke shiryawa ta shiga makarantun haɗin kai na gwamnatin tarayya, kuma ga ɗaya a kusa da mu, ta 'yan mata a Bakori. Akwai kuma wata ta musamman, ita ma NECO ke yi, ta shiga makarantar haziƙai ta gwamnatin tarayya da ke Suleja a jihar Neja, wadda aka kafa domin irin waɗannan yara, gwamnati ke ɗaukar nauyin karatunsu. Iyaye da yawa a yankinmu ba su ma san da ita ba, alhali ita ce aka yi don a zaƙulo mai hazaƙa. A duba sharaɗin shekaru a sanarwar kafin a biya ko sisi. Jihar Katsina ma tana da tata jarrabawar ta shiga makarantun kimiyya. Wanda ya kai matakin gama sakandare yana gida, WAEC da NECO duk suna da ta masu zanawa daga waje, ba sai ta hannun makaranta ba, kuma sakamakonsu ba ya mutuwa. Abin nema kiredit biyar har da Turanci da lissafi, a zama ɗaya ko biyu. Mai ƙarfi a Larabci da addini a tambayi makarantun da ke yin jarrabawar NBAIS. A guji cibiyoyin da ake rubuta amsa a allo, domin haziƙi ba ya bukatarsu, kuma a kan soke sakamakon cibiya ɗungurungum.

Abu ɗaya da yaron gida ke rasawa shi ne sabo da ɗakin jarrabawa. A ta shiga sakandare za a ba shi takarda mai ƙananan gurabe, ya cike na amsa da fensir, in ya tsallake layi ɗaya duk na ƙasa sun karkace. A JAMB kuwa sai ya dangwala yatsa a na'ura kafin ya shiga, ya zauna gaban kwamfuta, tambaya 180 cikin awa biyu, agogo na raguwa a saman allo, ba malamin da zai ce masa sake dubawa. A koya masa wannan tun da sauran lokaci. In kuka ga yaro ya daina barci, yana yawan kukan ciwon kai ko ciwon ciki da an ambaci jarrabawa, ko ya daina wasa, a sassauta masa, in abin ya ci gaba a kai shi asibiti.

Ga wanda ya buɗe rediyonsa yanzu, ƙofar JAMB ta 'yan ƙasa da shekara 16 mutum 85 ta wuce da su a duk ƙasar nan a 2025. Baba, Inna, kafin ku kai kuɗi shagon rajista, ku ɗauko takardar haihuwar yaron ta gaskiya, ku je ofishin ilimi na ƙaramar hukuma ko wurin wani shugaban makaranta da kuka amince da shi, ku tambayi jarrabawar da ta dace da shekarunsa. Layukanmu a buɗe suke, muna sauraron kiranku.