Tsare Kwamfutocin Ma'aikatu Daga Ɓarayin Intanet



A da, muddin ma'aikata ta sami maigadi da akwatin ƙarfe da makulli, to, ta tsare asirinta da dukiyarta. A yau kuwa fayiloli da littattafan kuɗi sun koma cikin kwamfuta, kwamfutocin kuma an haɗa su da intanet, watau ɓarawo na iya shiga ofis daga wata nahiya ba tare da ya taɓa ƙofa ba. Maƙasudin wannan lacca shi ne a nuna cewa irin wannan ɓarna sau da yawa daga ƙaramin sakaci take somawa, wanda shugaban ma'aikata ke da ikon hanawa. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Misali na farko daga fannin lafiya yake. Ran 12 ga Mayu, 1917 ba ta san kwamfuta ba, amma ran 12 ga Mayu, 2017, wata muguwar manhaja mai suna WannaCry ta afka wa asibitocin gwamnati na Ingila, ta kulle bayanansu, ta nemi kuɗin fansa. Aka soke alƙawarin ganin likita da na tiyata kusan 19,000. Abin takaici, tun watan Maris kamfanin Microsoft ya fitar da gyaran da ke toshe kafar da ta bi, sai dai ba a sanya shi a na'urori da yawa ba.

Na biyu ya shafi sufuri. A watan Yuni, 2017, manhajar NotPetya ta shiga kamfanin jiragen ruwa na Maersk, na ƙasar Denmark, ta hanyar wata manhajar lissafin haraji ta Yukren. Sai da aka sake ɗora wa kwamfutoci 45,000 manhajojinsu, hasara kuma ta kai wajen dala miliyan 300. Abin da ya taimaki kamfanin shi ne kwafe guda na kundin ma'aikatansa da ya tsira a wani ofishinsa na Afirka ta Yamma, domin an ɗauke wuta lokacin da annobar ke yaɗuwa. Sa'a ce kawai, sa'a kuwa ba a gina ma'aikata a kanta.

Na uku ya shafi man fetur. A shekarar 2021 ɓarayi suka shiga kamfanin Colonial Pipeline na Amurka da kalmar sirrin wani tsohon asusu da ba a rufe ba. Bututun mai ya tsaya kwanaki, aka yi dogayen layuka a gidajen mai, kamfanin ya biya fansar dala miliyan 4.4.

Ke nan abin da kowace ma'aikata za ta rasa daban ne: asibiti rayuka, kamfanin sufuri kayan jama'a, ofishin gwamnati kuma albashi da fansho da amanar talakawa. Saboda haka wajibi ne kowane shugaba ya rubuta abin da in ya tsaya yini guda aiki ya tsaya, ya soma tsaro daga nan. Sa'an nan a sa wa jami'i guda alhakin sanya gyare-gyare da zarar sun fito. A rufe asusun duk wanda ya bar aiki ran da ya tafi, a kuma ƙara wata shaida bayan kalmar sirri. A ajiye kwafen bayanai inda intanet ba ta kaiwa, a riƙa gwada shi. Daga ƙarshe, a rubuta a takarda wanda za a kira da yadda aiki zai ci gaba da biro in na'urori sun mutu, gama ba a fafe gora ranar tafiya.

Allah Ya ba da ikon kiyayewa. Wassalam.