Magunguna Masu Haɗari Da Aikin Kwamfuta A Asibiti



Akwai waɗansu magunguna da likitoci suka keɓe, suna kiransu masu haɗari, domin tazarar da ke tsakanin adadin da ke warkarwa da wanda ke halakarwa 'yar kaɗan ce ƙwarai. Cikinsu akwai insulin ta masu ciwon sukari, da warfarin mai hana jini gudaji, da mofin mai kashe zafin ciwo, da methotrexate da ake bai wa masu ciwon gaɓoɓi. Akwai kuma ruwan gishirin potassium, wanda in an ɗura shi a jijiya ba tare da an sirka ba, zuciya tsayawa take yi nan take.

Da yawa daga cikin ɓarnar da ake yi da su daga alƙalami take farawa. Likita ya rubuta insulin awo 4, ya bi shi da harafin U, mai jinya ta karanta 40. Ko kuwa ya rubuta 1.0, ɗigon ya ɓace a takarda, ya koma 10. Methotrexate sau ɗaya ake shansa a mako, amma an sha samun waɗanda suka riƙa shansa kullum har ɓargonsu ya daina yin jini. Saboda irin wannan ne Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙaddamar da wani shiri a 2017, da nufin rage mummunar cutarwar da kuskuren magani ke jawowa da rabi cikin shekara biyar.

To, a nan ne kwamfuta ta shigo. A asibitin da ke ajiye tarihin majiyyaci a cikinta, likita ba ya rubuta magani da hannu, zaɓarsa yake yi daga jeri, ita kuwa ta gwada abin da ya zaɓa da nauyin majiyyacin, da shekarunsa, da sakamakon gwajin ƙodarsa, da sauran magungunan da yake sha. In mutum yana kan warfarin aka zo za a ƙara masa Septrin, sai ta yi gargaɗi, gama haɗa su yana iya tsinka jini har ya ɓalle. In an rubuta methotrexate kullum, tana iya ƙin karɓa. Wani bincike da aka buga a 1998, wanda aka yi a asibitin Brigham da ke Boston ta Amurka, ya nuna wannan tsari ya rage manyan kurakuran magani da kashi 55 cikin ɗari.

Amma kada mai sauraro ya zaci magana ta ƙare. Kwamfutar da ke kururuwa a kan ƙaramin abu da babba, ba da daɗewa ba za a daina sauraronta, kamar yaron da ya saba kukan banza. A 2013, a wani babban asibiti a San Faransisko, likita ta nufi rubuta wa wani saurayi ɗan shekara 16 miligram 160 na irin Septrin, watau ƙwaya ɗaya. Ashe akwatin da ta cika yana lissafi ne a kan kowane kilo na nauyin jiki. Kwamfuta ta ninka, ya zama ƙwaya 38 da rabi. Gargaɗi ya fito wa likita, ya fito wa mai haɗa magani, duk suka wuce shi domin sun gaji da ganin irinsa, mai jinya kuma ta amince da na'ura ta ba shi duka. Yaron ya yi farfaɗiya, Allah ya sa da sauran kwanansa. Shi ya sa asibitocin da suka san aiki suke rage yawan gargaɗi, su bar masu tsanani ga waɗannan magunguna ƙalilan, sa'an nan su sa ma'aikata biyu su duba kafin a bayar.

Abin da ya fi shafar mazauna Sabon Ibadan, da Agege, da Idi-Araba, da sauran zangunan Kudu shi ne, kwamfuta ba ta san abin da ba a faɗa mata ba. Mutum yana karɓar magani a Ikko, ya tafi gida Sakkwato ko Kano da Sallah, ciwo ya tashi, wani likita ya rubuta masa wani, alhali kuwa na'urar wancan asibiti ba lalle ne ta ga abin da ke cikin ta wannan ba. Haka nan ƙwayar da aka saya a kemis, da jiƙon da aka sha a tasha, babu ɗayansu a rubuce. Wajibi ne matafiyi ya riƙe kwalayen magungunansa, ya baje su gaban likita duka, har da na gargajiya, ya kuma faɗi duk maganin da ya taɓa fesa masa ƙuraje ko ya kumbura masa fuska.

Mai shan warfarin ya nemi a rubuta masa sakamakon gwajin jininsa na ƙarshe, wanda ake kira INR, a kati. Ga yawancin majiyyata tsakanin 2 da 3 ake so ya tsaya. Mai allurar insulin kuwa, in yana da niyyar azumin watan Ramalan, ya je asibiti tun a Sha'aban domin a daidaita masa adadi da lokaci, gama allurar da aka auna don mai cin abinci sau uku tana iya kayar da mai azumi kafin la'asar.